Daga Kano zuwa Kwatano a sawun motocin Tokumbo

A watan Nuwamba na shekarar 2016 kawuna, wanda ya shafe fiye da shekara ashirin yana sayar da motocin Tokumbo, wato motocin hannu da ake shigowa da su daga ƙasashen waje, a Kano, ya ce in shirya in raka shi Kwatano, domin a ganinsa wanda bai taka inda ake sayen mota da ƙafarsa ba bai isa ya tsaya a wurin da ake sayar da ita ba. Mun bi ta Katsina da Jibiya muka shiga Maraɗi, daga nan muka miƙa yamma ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi zuwa Dosso, sannan muka gangara kudu zuwa Gaya, inda gada ta ƙetare kogin Kwara ta sada Nijar da garin Malanbil na Jamhuriyar Benin. Tun daga wannan gada muka fara cin karo da ayarin motoci marasa lamba, an rubuta alamomi da farin fenti a gilasansu, suna tafiya a jere ƙarƙashin rakiyar kwastan. Daga Malanbil zuwa Kwatano tafiya ce ta fiye da kilomita 700 ta Kandi da Faraku, kuma mun yi ta cikin kwana ɗaya da rabi.

Mun sauka a unguwar Zango, inda ake jin Hausa a masallaci da wurin mai shayi kamar ana Fagge. Washegari da sassafe wani dillali ɗan asalin Dosso, wanda suka daɗe suna hulɗa da kawu, ya zo ya ɗauke mu zuwa filayen motoci da ke gabashin birnin, a Sekanji da Ekpe, kan hanyar da ta nufi iyakar Seme. Ban taɓa ganin motoci masu yawan haka a wuri guda ba. Filaye ne masu katanga, ɗaya na bin ɗaya, mafi yawansu a hannun 'yan kasuwa Labanawa, kuma a cikin kowane an jera motoci gaba da baya har sai mutum ya karkace kafin ya wuce tsakaninsu. Sai dai masu saye sun yi ƙaranci ƙwarai a lokacin, saboda darajar naira ta faɗi a wannan shekarar, alhali sefa tana ɗaure da kuɗin Turai ba ta motsawa, don haka kowace mota ta yi wa mai zuwa da naira tsada ba tare da an ƙara mata ko sisi ba.

A ofishin wani Balabane mai fili na fara fahimtar inda kayan suke fitowa. Ya bayyana cewa ƙaninsa yana zaune a Brussels, kusa da titin Heyvaert, wanda ya shahara da garejin masu tara tsofaffin motoci daga Jamus da Faransa da Holan da sauran ƙasashen Turai. Daga can ake kai su tashar jiragen ruwa ta Antwerp, a tuƙa su da ƙafafunsu zuwa cikin manyan jirage irin na kamfanin Grimaldi, a sauke su a Kwatano bayan 'yan makonni. Wannan ne asalin sunan Beljiyam da muke kiran duk wani kayan hannu mai kyau da shi, ko da bai taɓa shiga ƙasar ba. Ƙarfin babban dila a nan yake: yana da ɗan'uwa ko amintacce a wancan gefen teku, yana sayen motoci da dama a lokaci guda, yana samun rangwamen kuɗin jirgi, kuma yana da jarin da zai iya jira watanni kafin kuɗinsa su dawo.

Hanya ta biyu ita ce ta Amurka, wadda daga ita ne yawancin Camry da Accord da Sienna da Highlander suke zuwa, kuma a kanta kawu ya fi tsayawa. A can akwai kamfanonin gwanjo irin su Copart da IAA, waɗanda ke sayar da motocin da kamfanonin inshora suka karɓe bayan haɗari ko ambaliya ko sata, idan sun ga kuɗin gyara ya kusa kai darajar motar. Ana yin gwanjon ta intanet, mai saye yana kallon hotuna yana ƙara tayi daga duk inda yake, sannan a ɗauko motar zuwa tashoshi irin su Baltimore ko Newark ko Savannah. Abin da ya sa cinikin ke da riba shi ne ladan bakanike da mai gyaran bodi a Amurka yana da tsada sosai, a nan kuwa yana da sauƙi, don haka motar da aka yanke wa ƙauna a can tana iya komawa titi a nan. Ban ga laifin wannan ba idan an faɗa wa mai saye gaskiya, amma raina ya ɓaci da na ga wata mota da aka ɗinke murfin jakar iskar sitiyarinta alhali babu komai a ciki, domin wanda zai saye ta zai ɗauki iyalinsa yana zaton yana da kariyar da ba shi da ita.

Na kalli yadda kawu yake duba mota, kuma ban ga ya fara da fenti ko kujeru ba. Yakan sa a buɗe gaba ya bi ƙusoshin da ke riƙe da fukafukai, wato ƙarafan bodin da ke saman tayoyin gaba, da ido ko an taɓa kwance su, ya manna ɗan maganaɗisu a jikin ƙofa domin ba ya kamawa inda aka cika da foti, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya shinshina ko akwai warin laka da tsatsar ambaliya. Bayan haka sai ya kwafi lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 ya tura wa wani yaronsa, wanda ke nemo tarihin motar a Carfax, kamfanin da ke tara bayanan tarihin motoci a Amurka, ya turo cikin 'yan mintuna. Wata Highlander mai ƙyalli ta ɗauki hankalina, na ce, “Kawu, wannan ai ba ta da aibu.” Ya nuna mini layin walda a ƙarƙashin kujerar baya, ya ce, “Ɗana, wannan mota biyu ce aka haɗa, kuma ba zan sayar wa mutumin da zan haɗu da shi a sahun sallah irinta ba.”

Cikin kwana huɗu ya zaɓi motoci tara daga cikin fiye da sittin da muka duba. Ciniki ana yin sa ne da sefa, dillali yana tsakiya yana juya magana daga Faransanci zuwa Hausa, yana karɓar la'adarsa a kan kowace mota, sannan wakilin fito ya karɓi takardu ya yi rajistar motocin a matsayin kayan da za su ratsa ƙasar. Ga kuɗin fili, ga na rakiya, ga na direbobi da mai, ga kuma harajin kwastan na Najeriya da kawu ya dage sai an biya cikakke, ko da yake mun ga masu bi ta daji da dare domin kauce masa. Duk wannan kewaye ya samo asali ne daga bambancin haraji, musamman bayan manufar motoci ta 2013 ta ɗaga kuɗin shigo da mota a Najeriya, abin da ya sa a lokacin tashar Kwatano ta fi ta Legas sauƙi ga 'yan kasuwa da yawa.

Na dawo a cikin ɗaya daga motocin, wata Corolla mai launin toka, tare da direba ɗan Gaya da ya ce ya daina ƙirga yawan zuwansa wannan hanya. Ba mu yi wata guda da isowa Kano ba gwamnatin tarayya ta sanar da hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. Daga wannan lokaci kawu ya mayar da harkarsa tashar Tin Can da ke Legas, ya buɗe hulɗa da wani wakili a Amurka mai yi masa tayi a gwanjo, dillalin nan ɗan Dosso kuwa ya kira shi sau biyu yana tambaya ko akwai aikin da zai samu a Legas.