Ɓeraye da zomaye kafin mu

Jiya ina karanta 'yar takardar cikin kwalin maganin matata mai juna biyu, sai na ga an rubuta an gwada shi kan ɓeraye da zomaye masu ciki. Wallahi abin ya sosa min rai.

Amma ku tuna wani magani mai suna thalidomide. Har 1961 ana ba masu ciki shi don laulayi, aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, da yawa hannayensu da ƙafafunsu guntaye. Da aka gwada daga baya, zomaye suka nuna lahanin ƙarara, ɓeraye kuwa da ƙyar. Shi ya sa yanzu ake gwadawa kan dabbobi iri biyu.

Amurka ta cire tilascin gwajin dabba a 2022. Ni dai ban yi saurin murna ba, don ƙwayoyin halittar da ake renonsu a faranti, ana gwada magani a kansu maimakon dabba, ba su da mahaifa.