Ƙwayar gaggawa da ɓatan wata

Ƙannena mata, musamman amare da masu goyo da ke tsoron kwanika, ga abin da ban sani ba lokacin da nake sayen Postinor-2, ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, a kemis ɗin unguwarmu a nan Jos.

Ƙwayar nan ba ta zubar da ciki. Aikinta shi ne jinkirta fitowar ƙwai. Maniyyi kan rayu a jikin mace har kwana 5, shi kuwa ƙwai ba ya wuce kwana ɗaya. In aka riƙe ƙwan har maniyyin ya mutu, magana ta ƙare. Shi ya sa ake so a sha ta cikin awa 72 bayan kwanciya, kuma da wuri ya fi. In ƙwan ya riga ya fito, ba abin da za ta tare.

Ni dai na ɗauka tunda na sha, na tsira har ƙarshen wata, sai na saki jiki da maigida. Ashe ƙwan da aka jinkirta yana nan tafe, kuma ƙwayar ba ruwanta da kwanciyar da ta biyo baya. Allah ne ya rufa asiri.

Da al'ada ta ƙi zuwa ranar da na saba, sai hankalina ya tashi. Wata maƙwabciya ta ce in jiƙa kanwa in sha, na kuwa sha, ban samu komai ba sai zawo. Ku bar wannan, don Allah. Tunda ƙwai ya makara, jini ma zai iya makara, wata kuma nata ya zo da wuri ko ya riƙa ɗigowa. Tashin zuciya da ciwon nono ma duk ƙwayar kan kawo su, ba lalle ciki ba ne. Tsinken gwajin ciki kuwa, washegarin kwanciya ɓarnar kuɗi ce kawai. Ki jira mako 3, ko in al'ada ta wuce lokacinta da kwana 7, sannan ki gwada da fitsarin safe.

Wadda ta yi amai cikin awa 2 da sha, ta sake shan wata. Wadda kuma mararta ta murɗa da tsanani a gefe ɗaya, ko jiri ya kama ta, ta tafi asibiti a ranar, domin ciki kan iya zama a waje da mahaifa.

In kin ga kusan kowane wata kina hanyar kemis, ki je sashen tazarar haihuwa a asibitin da ke kusa da ke, ki tambayi allura, ashanar hannu ko robar mahaifa.