Lambun bakin taga a Garwa

Gidan hayar da muke ciki a unguwar Yalwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru, tsakar gidansa siminti ne tun daga zaure har bakin madafa, ga awakin maƙwabciyata biyu da ba sa ɗaga wa kore ƙafa. Shi ya sa da sha'awar shuka ta kama ni, sai na kai abina ɗaki. Na'ana'a ce ta jawo. Maigida ba ya shan shayi sai da ita, kullum sai an aiki yaro ya sayo ƙullin dala ashirin, kafin gari ya waye zafi ya mayar da ita baƙa.

Da farko asara na tafka. Na yanka tsohuwar jarkar mai, na cika ta da lakar da aka ɗebo mini daga bakin Binuwai, na barbaɗa ɗanyen kashin awaki, na ajiye bayan ƙofa inda rana ba ta leƙawa. A ganina, garin da zafinsa kan wuce digiri 40 a Maris da Afrilu, me shuka za ta nema in ban da inuwa da ruwa? Safe ruwa, yamma ruwa. Kwana goma ba su cika ba ganye ya yi rawaya, ƙasar ta fara tsami.

Ana haka Goggo ta zo daga Marwa, ita da ta tsufa a lambun albasa. Ta ɗaga jarkar, ta leƙa gindinta, babu huji ko ɗaya.

"Ke 'yar nan, shinkafa kika shuka?"

"Goggo, ƙishi nake guje mata."

"To kin shaƙe ta. Saiwa ma numfashi take yi."

Ta sa na gasa ƙusa a murhu na huda gindin wuri shida. Ta zubar da lakar, ta haɗa sabuwar ƙasa: kashi biyu ta gona, ɗaya yashi, ɗaya tsohon taki wanda ya rududduge har ya daina wari. Ɗanyen taki, in ji ta, ƙona saiwa yake yi. Maganar ban ruwa kuwa, yatsa ne alƙali: ki tsoma shi zuwa gaɓa ta biyu, in kin ji danshi ki ajiye butar.

Sannan ta kwashe komai zuwa tagar gabas, wadda rana ke shiga tun hantsi bai yi ba har wajen ƙarfe goma. Nan na gane ɗaki, komai haskensa a idon mutum, duhu ne ga shuka. Za ki ga tana miƙa wuya tana karkata wajen taga, don haka duk bayan kwana biyu nakan juya tukunyar. Da hunturu kuma ƙura takan lulluɓe ganyen, sai na bi da jiƙaƙƙen tsumma.

Na'ana'a ba ta buƙatar iri. Reshe uku na zaɓa daga ta kasuwa, na tsige ganyen ƙasa, na tsoma a kofin ruwa, mako guda fararen saiwoyi suka fito. Amma a ware mata tukunyarta, don ƙarƙashin ƙasa take bi ta mamaye na kusa da ita. Ɗoɗɗoya kuwa, da ta nuna alamar fure nake tsinke kanta, sai ta fito da rassa biyu a wurin ɗaya. Gindin albasar da a da nake zubarwa, yanzu binne shi nake yi, cikin mako biyu na sami lawashi. Alayyafo wata guda ya isa yanka. Yakuwa, wadda mutanen nan ke kira folere, ta yi, sai dai tana son wuri fiye da abin da taga za ta bayar.

Tumatir ne ya ba ni kunya. Ya yi tsawo siriri kamar mai ciwo, ya yi fure, furen ya kakkaɓe. Yana son rana ta awa shida ko fiye, zafin da ya haura digiri 35 yana lalata masa fure, a ɗaki kuma babu iska ko ƙudan zuma da za su girgiza shi ya ɗauki 'ya'ya. Wata uku ina wahala, tumatir biyu na ci. Ni dai na bar wa masu fadama.

Daga baya na koma tukunyar ƙasa. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka take sanyaya saiwa, roba kuwa dafa ta take yi da bazara. Farantin da nake tarar ruwa a ƙarƙashi kullum sai na zubar, musamman da damina, kada na yi kiwon sauro a gefen gadona. Da wasu ƙananan fararen ƙwari suka taru a bayan ganye, ganyen darbejiya na daka, na jiƙa ya kwana, na tace na sa ɗan sabulu, na yayyafa da yamma har sau uku. Ɗacin yakan kama na'ana'ar, sai an wanke ta sosai kafin ta shiga shayi.

Watan jiya maƙwabciyar tawa ta roƙi reshe, na ba ta har da tukunya. Ta ɗora a kan turmi a tsakar gida ta shiga sallar la'asar. Ko sallama ba ta yi ba awakinta suka gama da shi.