Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Sunan da Ya Kuɓuce wa Alhaji

Makon jiya na tsaya a inda na sayar da kwamfutocin kafe ɗina, na koma haɗa wa 'yan kasuwa shafukan intanet daga zauren gidanmu. Ina cikin wannan sana'a, wajen ƙarshen 2022, wani Alhaji mai sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari ya aiko yaronsa ya kira ni.

Na same shi a cikin shago, ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙo mini waya. Shafinsa ya koma fari fat, babu hoton kaya ko ɗaya, sunan shafin, wato adireshinsa na intanet mai ƙarewa da .com, ya kuɓuce masa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne imel, domin da shi yake magana da masu turo masa kaya daga Guangzhou da Dubai, kuma ya daina shiga.

"Malam, da kuɗina na sayi sunan nan. Yaya za a yi abin da na saya ya ɓace?"

"Ranka ya daɗe, ba saye ka yi ba, haya ka kama. Kamar rumfa ce a kasuwa, in shekara ta cika ba a biya ba, sai a ba wani."

Ya yi shiru, don wannan yaren ya san shi sarai. Da na bi diddigi, ashe yaron da ya yi masa rajista shekarun baya da imel ɗinsa na kansa ya yi ta, ya sa katin bankinsa, daga baya ya tafi karatu ƙasar waje, lambarsa ma ba ta shiga. Duk saƙonnin tunatarwa can suka riƙa tafiya. A shekarar nan kuma bankuna suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka toshe gaba ɗaya. Mutane da yawa ta nan sunayensu suka salwanta ba su sani ba.

Sunan da ya ƙare da .com ba ya faɗuwa ranar da wa'adinsa ya cika. Kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da babban kundin, kamfanonin rajista kuma dillalai ne tsakaninsa da mu. In wa'adi ya cika, akwai rangwamen da bai wuce kwana 45 ba, ana iya biyan kuɗin da aka saba. Daga nan sai kwana 30 na fansa, mai sunan ne kaɗai zai iya karɓo abinsa, amma da tara mai zafi. Sai kwana 5 na ƙarshe, wanda ko mai sunan ya zo da buhun dala ba a saurarensa. Na buɗe WHOIS, inda ake ganin bayanan rajistar kowane suna, na duba, na Alhaji ya riga ya shiga waɗannan kwana biyar.

Na gaya masa kada ya ji kunya. A 2015 wani mai suna Sanmay Ved ya sayi google.com a kan dala 12, ya riƙe shi kamar minti ɗaya kafin a soke cinikin, Google kuma suka ba shi tukuici ya bayar sadaka. Alhaji bai yi dariya ba.

Wani abokina da muka yi kafe tare ya ce ai abu ne mai sauƙi, in zauna a gaban kwamfuta lokacin da za a saki sunan, in yi ta latsawa har in kama. Wannan hanya tana aiki, amma a kan sunan da babu mai so. Na sha kama dogayen sunayen Hausa da hannu, wasu ma sai sun kwana a sake babu wanda ya kalle su. Na Alhaji gajere ne, ya daɗe, wasu shafuka suna nuni zuwa gare shi. Irinsa yana fitowa a jerin da ExpiredDomains.net ke bugawa kyauta, kuma masu farautar sunaye daga ko'ina a duniya suna tace wannan jeri kullum. Su ba da hannu suke kamawa ba. Kamfanin DropCatch kaɗai yana da lasisin rajista sama da dubu daga hukumar ICANN mai kula da tsarin sunayen intanet, kowane lasisi ƙofa ce ta daban zuwa kundin Verisign, injinansu suna ƙwanƙwasa dukkan ƙofofin a cikin daƙiƙar da sunan ya faɗi. Ni kuwa ina zaure, wuta tana zuwa tana tafiya.

Akwai wata hanyar da ta riga ta wuce mu. Manyan dillalai irin GoDaddy ba su cika bari suna mai daraja ya faɗi ba, tun yana cikin kwanakin rangwame suke sa shi a gwanjonsu, ya koma hannun sabon mai shi ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Na Alhaji bai bi ta nan ba, sai na ɗauki hakan a matsayin sa'a.

Saura hanya guda mai ma'ana: a ajiye oda wajen masu injin, su kama maka. Kuɗinsu a lokacin bai wuce dala 80 ba, kuma ba a biya sai an kama. Saboda haka mai hankali ba ya tsayawa a wuri ɗaya. Na ajiye a DropCatch, na ajiye a SnapNames, na ƙara da Dynadot. Sharaɗin da ba ya yi wa kowa daɗi shi ne, in mutum biyu suka ajiye oda a kan suna ɗaya, ba a duba wanda ya riga, gwanjo ake buɗewa. A ganina nan ne ribarsu ta gaskiya take, ba a kuɗin oda ba.

Kafin ranar na yi masa rajistar sunan da .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, da naira na biya, kuɗin bai kai na yadin shadda ɗaya ba. Na ce ko da ta ɓaci yana da mafaka.

"Ɗana, wancan ne a jikin ledojina da katina da rasit ɗina. Shi mutanen Sin suka sani."

Da gaskiyarsa, har ma fiye da yadda ya zata. Duk wanda ya kama sunan zai iya buɗe imel iri ɗaya da nasa, saƙon masu kaya ya riƙa faɗawa hannunsa, ya kuma rubuta wa kwastomomi da sunan Alhaji ya ba su wata lambar asusu. Da na faɗa masa haka, nan take ya sa aka kira manyan abokan cinikinsa a waya aka gargaɗe su. Ya tambaye ni ko ba a kai ƙara. Ana kaiwa, a hukumar WIPO mai kare haƙƙin mallakar fasaha da ke Janiba, amma kuɗin shigar da ita kaɗai dala 1,500 ne, kuma sai ka nuna sunan tambarin kasuwancinka ne da aka san ka da shi, wanda ya kama kuma da mugun nufi ya yi. Alhaji bai taɓa yi wa tambarinsa rajista ba.

Washegari yaronsa ya je Wapa ya canjo dala, aka zuba a asusun dala na Alhaji, muka ɗaura katin a wuraren uku.

Ana sakin sunayen .com ne wajen ƙarfe biyu na rana a agogon gabashin Amurka, wanda a lokacin sanyi yake faɗowa bayan isha'i a wurinmu. Alhaji bai yarda in zauna a gida ba, ya sa direba ya ɗauko ni, na kafa kwamfuta a falonsa, janareta yana ta ruri a waje. Babu abin da zan yi illa sabunta WHOIS. Can sai bayanin ya canja, sabuwar ranar rajista ta fito, da sunan ɗaya daga cikin kamfanonin da na ajiye wa oda.

Alhaji ya ce alhamdulillahi, ya ƙwala wa yara kira a kawo shayi. Ba a kai ga kawowa ba imel ya shigo. An kama sunan, amma ba mu kaɗai muka ajiye oda ba, an buɗe gwanjo na kwana uku, kuma wancan ɗin har ya riga ya ƙara a kan kuɗin farko.

"Waye shi?"

"Ba a nunawa, ranka ya daɗe, sai laƙabi."

Ya gyara zama irin na ɗan kasuwar da aka taya wa kaya. "To ƙara masa."

Yadda gwanjon ya kaya, da abin da ya sa na fara zargin cewa abokin takarar tamu ba ya nesa da Kwari, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.