Yini Ɗaya a Malta, Ido na Kan Agogo

Wanda bai taɓa shiga manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa ba yakan ɗauka cewa idan an ce jirgi zai tsaya a gari daga tara na safe zuwa shida na yamma, to awa tara ke nan a hannunsa. Ba haka lissafin yake ba. Kafin a ɗaure jirgin, jami'an tasha su ba da izini, dubban fasinjoji su bi layi ta ƙofa biyu ana duba katin kowa, awa guda ta wuce. Da yamma kuma doka ce kowa ya dawo rabin awa kafin a tashi, mai hankali kuwa sai ya ƙara wa kansa wani rabin. Cire jiran mota, cire layin tikiti, cire cin abinci da neman makewayi. Abin da zai saura na gani da ido da ƙyar ya haura awa biyar.

Yayata ce ta ja ni wannan tafiya. Ta daɗe tana zaune a Italiya, ita ta sayi tikitin, ni dai na nemo biza na same ta. Daga Genoa jirgin ya ɗauko mu, ya tsaya a Civitavecchia inda masu zuwa Rum suke sauka, ya tsaya a Palermo ta tsibirin Sisili, sannan ya nufi Malta. Duk waɗannan ƙasashe biza ɗaya ce ta Shengen take shigar da mutum. Amma mai fasfo irin namu ya duba hanyar jirginsa da kyau kafin ya biya, don akwai masu ratsawa ta Tunis, kuma da zarar jirgi ya fita Shengen zai dawo, sai da biza mai shiga fiye da sau ɗaya.

Daren da muka baro Palermo muka yi gardama a ɗakinmu. Jirgin yana sayar da nasa rangadin: a ɗebe ku a bas daga bakin tasha, a haɗa ku da ɗan jagora mai riƙe da allo, a zagaya da ku a dawo da ku. Kuɗin kowane mutum ya haura Yuro sittin. Yaya ta ce a biya kawai a huta.

"Ke ba ki san halinsu ba," in ji ta. "Idan bas ɗinsu ta makara, dole su jira. Idan ke kika makara, sai dai ki ɗaga musu hannu daga bakin ruwa."

Gaskiya ta faɗa, kuma ita ce babbar hujjar masu biyan kuɗin. A Civitavecchia ni ma ban yi musu ba, don Rum tana da nisan fiye da awa guda a jirgin ƙasa, ga cunkoso. Amma Malta daban ce. Ƙasar gaba ɗayanta murabba'in kilomita 316 ce, jirgin kuma a gindin ganuwar babban birnin, Valletta, yake tsayawa. Ga Turanci kowa na ji, tunda sai 1964 Ingila ta ba su 'yanci. Na ce, "Yaya, a nan ko ɓata muka yi, tasi za ta dawo da mu cikin rabin awa." Ta ce to, amma da sharaɗi: ƙarfe biyar ta yi mana a cikin jirgi, kuma kada a wahalar mata da gwiwa.

Sai aikin zubarwa, wanda shi ne ainihin shirin. Tsibirin Gozo ya fita tun farko. Ko da jirgin ruwa mai sauri, zuwa da dawowa kaɗai sai ya cinye awa ɗaya da rabi, ban da jira. Kasuwar kifi ta Marsaxlokk ranar Lahadi take cika, mu kuwa tsakiyar mako muka zo. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne makabartar ƙarƙashin ƙasa ta Hal Saflieni a garin Paola, wadda aka sassaƙa cikin dutse sama da shekara 5,000 da suka wuce. Mutum goma-goma ake shigarwa don kada numfashin jama'a ya lalata bangon, tikitinta kuma makonni kafin ranar yake ƙarewa. Wannan tun daga gida ake shirya mata, ba a daren sauka ba. Muka tsaya a kan wuri ɗaya mai nisa, tsohon birnin Mdina, mu fara da shi da safe. Valletta da ke kusa da jirgi ta zo ƙarshe, yadda ko lokaci ya ƙure da ƙafa za mu gangaro. Taura biyu ba ta taunuwa.

Duk wanda jirginsa zai shiga Malta, ya haƙura da barcin safe ya hau saman jirgin. Tashar wani dogon lungun teku ne, ganuwoyin dutse masu ruwan ƙasa-ƙasa sun kewaye shi hagu da dama, tsayinsu har ya sa jirginmu mai hawa goma sha wani abu ya daina cika ido. A hagu ga sansanin St Angelo da garuruwa ukun da ke bayansa, a dama ga Valletta a kan tudu. A nan aka gwabza a 1565, lokacin da Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman ya aiko da rundunar ruwa don ta ƙwace tsibirin daga hannun mayaƙan Kirista na ƙungiyar Yohanna, waɗanda Sarki Charles na Biyar ya ba su wurin a 1530. Daga watan Mayu har Satumba ana fafatawa. Turgut Reis, gwamnan Tarabulus, a nan ya rasu. Turkawa suka janye, shekara ta zagayo shugaban mayaƙan, Jean de Valette, ya aza harsashin sabon birni aka sa masa sunansa.

Kafin mu sauka na ɗauki hoton takardar da jirgi ke rabawa kowane dare, saboda a ƙasanta akwai lambar wayar wakilin kamfanin a tashar. Shi ake kira idan an makara ko an yi rashin lafiya. Na kuma daidaita agogon hannuna da na jirgi, tunda shi ake bi, ba na waya ba.

Daga bakin ruwa zuwa cikin gari hawa ne mai tsanani, amma akwai lifta a jikin ganuwar, tsayinta mita 58, an buɗe ta a 2012. Yuro ɗaya ake biya, hawa da sauka. Ta ajiye mu a lambun Barrakka na sama. Jama'a duk suka tsaya ɗaukar hoto, mu muka wuce, don mun san za mu dawo. Muka fita ta ƙofar gari zuwa tashar bas da ke kusa da maɓuɓɓugar Triton. Lamba 51 da 52 da 53 duk Rabat suke zuwa, garin da ke manne da Mdina, kuɗin kuma bai kai Yuro uku ba. Hannun hagu suke tuƙi, gadon Ingila. Sai da na riƙe Yaya a wajen tsallaka titi.

A unguwar Hamrun wani saurayi ya shigo da kayan aiki duk ƙurar siminti, yana waya. Hausa yake yi, irin ta Adar. Yaya ba ta iya haƙuri ba, yana ajiye wayar ta yi masa sallama. Ya waiwayo kamar wanda aka tasa daga barci. "Hajiya, ku daga ina?" Mutumin Tawa ne, ta Agadas da Libiya ya biyo, ya tsallako a kwale-kwalen roba. Bai yi dogon bayani ba, mu ma ba mu tona ba. Ya ce mana kada mu dogara da bas a dawowa, don da rana takan cika ta wuce mutane a tsaye. Mu kira Bolt, tasin da ake kira ta manhajar waya, tana aiki a nan. Ya kuma kwatanta mana babban masallacin da ke Paola. Da ya sauka muka yi shiru. Teku ɗaya muka ratso da shi, mu muna zaɓen abinci a faranti.

Mdina a kan tudu take a tsakiyar tsibirin, kewaye da ganuwa da gwalalo. Ita ce babban birni kafin zuwan mayaƙan Yohanna a 1530. Larabawa sun ci tsibirin a shekarar 870 suka riƙe shi har Normawa suka zo a 1091, kuma har yau harshen mutanen daga Larabci ya tsiro, sai dai da baƙaƙen boko suke rubuta shi. Yaya da ta yi zama a Makka ta riƙa tsintar ƙirge a bakin masu shago tana dariya. Mazauna cikin ganuwar ba su kai 300 ba, mota kuma sai ta masu gida, shi ya sa babu hayaniya in ban da ƙarar kofaton dokin keken 'yan yawo. Lungunan ƙanana ne masu lanƙwasa, ba ka hango ƙarshensu, bango dogo ya ba da inuwa ko da tsakar rana. Wanda ya san cikin birnin Kano ta wajen Kurmi ba zai ji baƙunta ba. Muka bi har ƙarshen gari inda ake tsayawa a kan ganuwa. Daga nan rabin ƙasar a tafin hannu take: gonaki da aka raba da jeren duwatsu, teku can nesa, da ƙatuwar ƙubbar cocin Mosta wadda bam ya huda ranar 9 ga Afrilu 1942 ana cikin ibada, ya faɗo ƙasa bai fashe ba.

A nan na ga ribar zuwa da kanmu. 'Yan rangadin jirginmu sun iso muna zaune, aka ba su 'yan mintuna, ɗan jagora ya ɗaga allo suka bi shi. Mu muka ƙara shayi.

A bakin ƙofa ta ɓangaren Rabat akwai kangon wani gidan Romawa mai daɓen ƙananan duwatsu masu launi, wanda daga baya Musulmin garin suka yi makabarta a kansa. An ajiye wasu duwatsun kaburburan masu rubutun Larabci. Minti ashirin ya ishe shi. Kusa da shi ake sayar da pastizzi, ɗan burodi mai ɓawo-ɓawo da ake cusa wa cuku ko wake. Na tambayi mai shagon ko da man alade ake murza ƙullin, don wasu suna yi da shi. Ya ce nasa da man girki ne. Muka ci a tsaye, muka kira mota kamar yadda yaron nan ya ce. Ƙarfe biyu saura muna ƙofar Valletta.

Valletta a miƙe aka tsara titunanta, suna gittawa da juna, kuma duk wanda ka bi ƙarshensa teku. Wahalarta matakala. Saboda gwiwar Yaya muka tsaya a kan babban titin Republic da ke bin ƙashin bayan tudun, muna leƙen na gefe masu barandar katako kore da ja da shuɗi. Cocin St John muka sa a gaba, wanda aka gama a 1577. Daga waje ba shi da wani ado, kamar rumbun makamai. Ciki kuwa zinariya ce ko'ina, daɓen kuma duk kaburburan mayaƙan nan ne, kusan 400, kowanne da marmara kala-kala. Ba a shiga da kafaɗa a buɗe ko takalmi mai tsini, ranar Lahadi ba a karɓar 'yan kallo, kuma kafin biyar ake rufewa. Abin da ke jawo jama'a shi ne zanen da Caravaggio ɗan Italiya ya yi a 1608, na kisan Yohanna Mai Baftisma, wanda shi kaɗai ne mai zanen ya sa wa hannu a duk ayyukansa. Da Yaya ta ji Annabi Yahaya ake nufi, ta ce ita ba za ta kalla ba, ta sami kujera a babban zauren ta jira ni.

Ni abin da ya riƙa yi mini yawo a kai ina kallon zinariyar shi ne inda ta fito. Wani ɓangare na dukiyar nan daga farmakin jiragen Musulmi ne a teku, kuma bayi Turkawa da mutanen Arewacin Afirka ne suke tuƙa jiragen yaƙin ƙungiyar, har sun ƙulla tawaye a 1749 aka gano aka kashe shugabanninsu. Sai da Napoleon ya zo a 1798 aka 'yanta su. Ɗan jagoran da na raɓa ina sauraro ya yi dogon bayani a kan jarumtar 1565, wannan kuwa jimla ɗaya ya ba shi. Ba ɓangare ɗaya ne ya yi ba, tabbas. Rundunar Usmaniyya, da Turgut Reis a cikinta, ta kwashe mutanen Gozo kusan kaf a 1551. Amma da an faɗi duka biyun.

Masallacin Paola bai shiga lissafi ba, don yana ƙetaren tashar. Matafiya ne mu, muka yanke za mu haɗa Azahar da La'asar a jirgi. Huɗu saura kwata muna lambun Barrakka, a wannan karon da natsuwa. A ƙasan barandar akwai jerin igwa da ake harba ɗaya da tsakar rana, ɗaya da ƙarfe huɗu. A da da ita matuƙan jirage suke daidaita agogo. Wasu maza cikin kakin sojan Ingila na da suka ɗura, suka ja igiya. Ƙarar ta daki ganuwar ƙetare ta dawo, tattabaru suka watse, Yaya ta yi salati. Ga jirginmu a ƙasa, har muna iya ƙirga tagogin ɗakuna.

Layin lifta a lokacin ya yi tsawo, don duk masu dabara irin tamu sun taru. Ya cinye mana kusan minti ashirin, wanda da mun bar shi zuwa biyar da kwata da ya zama tashin hankali. Biyar saura kaɗan aka duba katinmu a ƙofa.

Muna idar da salla lasifika ta fara kiran sunaye, mutum biyu, da lambar ɗakinsu. Aka sake kira. Shida saura 'yan mintuna muka hango su daga baranda, mata da miji, suna gudu a bakin tasha da jakunkunan tsaraba, mutanen saman jirgi suna tafi da ihu. An riga an janye tsani ɗaya, ta na ma'aikata aka shigar da su. Da sun ƙara minti biyar, sai wakilin kamfani ya miƙa musu fasfo, su nemi jirgin sama daga filin Luqa zuwa Barcelona, inda jirgin ya nufa, da kuɗinsu, su kwana biyu a otal suna jiran kayansu su iso.