Yadda na daina gudun firgicin da ke kama ni ba zato

Karon farko da abin ya same ni ina zaune ne a wurin aiki ina duba wasu takardu, babu wanda ya ɓata min rai, babu wani mummunan labari da naji, kawai sai gabana ya yanke ya faɗi, zuciyata ta hau dukan uku-uku kamar zata fasa ƙirji ta fito, zufa ta karyo min, yatsuna suka fara sagewa kamar ana tsira min allura, numfashi kuma ina ja amma kamar baya isa ciki. Abin da ya zo min a rai shi ne shikenan tawa ta ƙare, ciwon zuciya ne. Wani abokin aikina ne ya garzaya da ni asibiti, kafin mu isa ma rabin abin ya lafa, aka auna hawan jini, aka manna min wayoyin nan na gwajin zuciya a ƙirji, aka ce komai lafiya lau. Na dawo gida da tsoron da ya fi wanda na tafi da shi, don in dai zuciyar ƙalau take to mene ne ya so kashe ni ɗazu?

Bayan kwana tara ya sake dawowa a cikin mota, sai kuma a layin banki, sai wata rana cikin dare ya tashe ni daga barci. Daga nan fa rayuwata ta fara tsukewa. Duk inda abin ya taɓa kama ni sai na daina zuwa, in dole ta sa na shiga taro to bakin ƙofa zan zauna, kullum da gorar ruwa a hannuna, kullum yatsa a wuyana ina lissafin bugun zuciya, dare kuma in raba shi a intanet ina karanta alamomin cututtuka, duk wadda na karanta sai naji ai ita ce nake da ita. Aikin da nake gamawa a awa ɗaya ya koma cin yini guda saboda rabin hankalina yana kan ƙirjina yana jiran abin ya zo. Mutanen gida suna ta cewa in daina sa damuwa a rai, kuma wallahi na san don ƙauna suke faɗa, amma ni ban san wace damuwar zan cire ba, abin da nake tsoro shi ne tsoron kansa.

A zuwa na uku asibiti ne na dace da wata likita da ta zauna ta saurare ni har na gama. Sai da ta sa aka gwada sukari, aka duba ko ina da ƙarancin jini, aka duba tayirod ɗin nan da ke wuya don in yana aiki fiye da ƙima yana kawo irin wannan bugun zuciyar da karkarwa. Da duk suka fito daidai sai ta ce abin da ke damuna shi ne suke kira panik atak, firgici mai zuwa kwatsam, ta ɗauko takarda ta zana min yadda yake faruwa. Wannan matakin kar kowa ya tsallake shi don Allah, a fara zuwa a duba lafiya tukuna, musamman in ciwon ƙirji ne sabo ko ya zo da suma, ba kowane bugun zuciya ne firgici ba.

Ga abin da na fahimta. Akwai wani ɗan ƙaramin sashe a ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, aikinsa gadi, da ya hango haɗari sai ya sa jiki ya saki wani sinadari da ake kira adirenalin don mutum ya yi faɗa ko ya ranta a na kare, shi ne zuciya ke ƙara gudu don tura jini zuwa ƙafafu da hannuwa, numfashi ya ƙaru, zufa ta zo. In kare ne ya biyo ka to duk wannan taimako ne. Matsalar ita ce in maigadin ya busa usur alhali babu ɓarawo, sai jiki ya shirya gudu kai kuma kana zaune a kujera. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganar numfashi, ni da nake ganin iska ce bata ishe ni ba ashe yawa ta yi, haki da sauri yana fitar da iskar kabon dayokzayid daga jini fiye da kima, wannan ne ke kawo jirin da sagewar yatsu da leɓe. Wato duk sanda na ƙara zuƙar iska da ƙarfi don in ceci kaina, ƙara rura wutar nake.

Ta kuma ba ni labarin wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, David Clark, wanda a 1986 ya bayyana abin a matsayin zagaye: ka ji wani ɗan motsi a jiki, ka fassara shi da cewa mutuwa ce ko hauka, tsoro ya ƙaru, adirenalin ya ƙaru, motsin ya ƙara ƙarfi, sai ka ce ka gani ko, dama na faɗa. Ta ce yawanci abin yana kai ƙololuwa cikin minti 10 sannan ya fara sauka da kansa, jiki baya iya riƙe wannan yanayin har abada, kuma shi firgicin a karan kansa baya tsayar da zuciya. Na tambaye ta ko ni kaɗai ce irin haka, tace ina, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba a 2019.

Sanin nan ya rage min nauyi amma bai warkar da ni ba, gaskiya. Abin da ya canza komai shi ne ranar da na daina gudu. Mai ba ni shawara da aka haɗa ni da shi, wanda ke aiki da tsarin nan na gyaran tunani da ɗabi'a da ake cewa CBT, ya nuna min cewa duk sanda na fice daga wuri da gudu sannan abin ya lafa, ƙwaƙwalwata tana rubuta cewa gudun ne ya cece ni, alhali ko na tsaya ma lokacin lafawarsa ya yi. Haka gorar ruwan, haka zaman bakin ƙofa, haka taɓa wuya, duk ina ganin kariya ce ashe su ke ciyar da abin. Yace in ya zo in tsaya inda nake, in duba agogo, in bar shi ya yi iya yinsa. Na ce masa ai ba zan iya ba, yace ba sai na iya ba, in gwada na minti biyu kawai.

Ranar da na fara gwadawa a layi nake, ƙafafuna na rawa, idona ya cika da hawaye, komai na jikina na cewa fita fita, na kafe a wurin ina faɗa wa kaina a zuci cewa adirenalin ne, na san shi, zai wuce. Ina jan numfashi a hankali ta hanci ina ƙirga huɗu, in sake shi ta baki ina ƙirga shida ko bakwai, tsawaita fitarwar ne ke taimaka wa jiki ya sassauta, ba yawan zuƙa ba. Minti bakwai ya ɗauka. Da ya sauka na ji kamar na sauke dutse, a gajiye tiɓis amma ina nan a layin, ban mutu ba kuma ban gudu ba. Ba zan manta wannan ranar ba.

Bayan nan muka shiga wani abu da da farko na ga kamar rashin tausayi ne, wato in janyo alamomin da kaina da gangan. In hau bene da gudu har zuciya ta buga, in yi juyi a kujera har jiri ya ɗebe ni, in yi numfashi ta siririn bututun shan lemo na ɗan lokaci. Manufar ita ce jiki ya saba cewa bugun zuciya bugun zuciya ne kawai. Sati na farko na tsane shi, zuwa sati na huɗu sai na lura ina hawa bene zuciyata na bugawa ban ma kula ba. Wannan dai a yi shi bayan likita ya tabbatar zuciya da huhu lafiya suke, kuma ya fi kyau da mai jagora.

Sauran ƙananan abubuwan da na gyara basu da wani sirri. Na rage kofi sosai na kuma daina lemukan ƙara kuzari gaba ɗaya, don sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana daɗewa a jiki, bayan kamar awa biyar rabinsa na nan, kuma yana kawo irin bugun da nake tsoro. Na tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, wayar kuma tana kwana nesa da gado. Ina tafiyar ƙafa da ɗan sauri minti 30 sau biyar a sati, wanda ya yi daidai da minti 150 da ake ba manya shawara. Binciken cututtuka a intanet kuwa na haramta wa kaina shi, ya fi barin kofi wahala wallahi.

A wurin aiki abin da ya dawo da ni hanya shi ne na daina jiran sai na ji daidai kafin in fara. Da can in na tashi da fargaba sai in ce yau ba ranar aiki bace, aikin ya taru, taruwar ta ƙara min fargaba. Yanzu da safe abu uku kawai nake rubutawa, in saita agogo minti 25 in yi ɗaya ba tare da taɓa waya ba, in huta biyar, in koma. In wani tunani ya faɗo a tsakiya sai in rubuta shi a ɗan littafi in ce masa sai yamma, ina da minti 15 da na ware don damuwa kawai, kuma sau da yawa in yamman ta yi na buɗe littafin sai in ga rabinsu sun riga sun mutu da kansu.

Maganar magani, ni ban sha na dogon lokaci ba amma na san waɗanda ya taimaka musu ƙwarai, babu abin kunya a ciki, sai dai likita ne zai rubuta kuma wasu sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu. Abin da nake roƙo shi ne kar mutum ya je ya sayi ƙwayoyin kwantar da hankali irin su dayazifam da kansa, suna kwantarwa nan take amma jiki na saurin sabawa da su, fita kuma ta zama wani sabon ciwon.

Abin bai ɓace ɗungurungum ba. Watan jiya ma ya leƙo ni ana tsakiyar taro bayan na yi kwana biyu ban samu barcin kirki ba, naji gaban ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe, na kalli agogon bango na sauke kafaɗuna na tsawaita numfashi, ban tashi ba. Wajen minti biyar ya sake ni, lokacin kuma an zo kaina, na miƙe na gabatar da rahotona muryata na ɗan rawa a farko, na gama na zauna, da aka tashi na wuce na ƙarasa abu na biyu a cikin ukun da na rubuta da safe.