Bakin siminti da ya ci min rabin albashin wata biyu

Jiya na miƙa makullin sito, na kwashi almakashina da takalmin roba, na bar kamfanin da na yi wa shekara shida ina dasa furanni a gidajen Abuja. Yaran da na bari sun ce in rubuta musu wani abu. To ga shi, ko da yake rabinsa labarin gidan nan ne na Gwarinpa da kowannenku ya sani.

Lambun duwatsu Hajiya mai gidan ta ce tana so a ƙofar gida. Muka sauke tipa biyu ta dutsen Mpape, muka jera, muka cike tsakani da yashi da tsakuwa, muka dasa kariya da ƙerana da alobera. Duk tsirrai ne masu jure ƙishi, amma ruwa ya kwana a gindinsu 'yan kwanaki, saiwa ta ruɓe.

Da aka zo maganar bakin lambun, na ce a zagaye shi da irin dutsen da ke ciki, a binne rabin kowanne a ƙasa, ba siminti, don ruwa ya samu hanya ta tsakaninsu. Oga ya ce a'a, kab ɗin siminti za a yi, wato ɗan gajeren gini zagaye da lambun, a rufe ruf, a shafa farin fenti ya fito a hoto. Na ce, "Ranka ya daɗe, wurin gangare ne, ƙasar kuma jar laka ce. A bar ko kafa uku ta ƙasa." Ya dube ni ya ce, "Kai ne injiniya ko ni?" Na ja bakina. Laifina ke nan, kuma ban yafe wa kaina ba: na san kwano muke ginawa, amma ni na riƙe wa birkila igiya.

A Fabrairu aka gama, lokacin ba ɗigon ruwa, kowa na yabo. Da Agusta ta zo, lambun ya koma kududdufi. Hajiya ta kira mu. A gabanta, ina tsaye, oga ya nuna ni ya ce, "Yaron nan ne ya yi awo." Yaro, da 'ya'yana uku! Aka zabtare min rabin albashi wata biyu a jere. Hoton kuwa har yau yana shafin kamfani a Instagram, da farin fentinsa.

Ni kaɗai na koma da guduma, na fasa kab ɗin wuri uku ta gangare, na cusa tsakuwa a kafofin. Ƙerana ta riga ta tafi. Kariya huɗu suka farfaɗo.

Sauran abin da zan faɗa muku kaɗan ne. Katako kada ku sa shi a baki, abincin gara ne. Na roba rana ke gasa shi ya tsattsage. In akwai ciyawar ƙiri-ƙiri a kusa, ku binne bakin ya kai kamu guda, in ba haka ba ta ƙarƙashi za ta shigo, cire ta daga cikin tsakuwa kuwa sai wanda ya gwada. Bakin ya ɗan ɗara tsakuwa tsawo, don kada ta zubo cikin ciyawa injin yanka ya harba ta a gilashin motar mai gida. Kuma duk umarnin da ranku bai kwanta da shi ba, ku ce a turo muku ta WhatsApp.

Wancan makon Hajiya ta kira lambata, ba ta ofis ba. Ƙanwarta ta gama gini a Kubwa, tana son irin lambun. Na riga na je Mpape na zaɓi duwatsun bakin da hannuna.